Daga kashi 33 zuwa kashi 4: ina marasa aikin suka shiga?

Jama'a, assalamu alaikum. Idan gardamar siyasa ta kaure a majalisa, ko a teburin mai shayi ranar kasuwar Gujungu, akwai alƙaluman da ake jifan juna da su. Wannan ya ce a ƙarshen 2014, zamanin Jonathan, rashin aikin yi kashi 6.4 ne cikin ɗari, Buhari ya kai shi 33.3. Wancan ya ce ai Tinubu ya sauko da shi wajen kashi 4. Duka daga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka fito. Sai dai ba da mudu ɗaya aka auna su ba.

Na Jonathan da na Buhari ma'auninsu ɗaya: sai mutum ya yi aikin awa 20 a mako kafin a cire shi daga cikin marasa aiki. Saboda haka hauhawar nan gaskiya ce, kowa ya ji ta a jikinsa. Farashin ɗanyen mai ya karye tun 2014, tattalin arziki ya durƙushe a 2016, korona ta zo a 2020. Waɗannan ba shugaba ne ya kawo su ba. Amma rufe iyakoki a watan Agustan 2019 hukuncin gwamnati ne, kuma 'yan kasuwar Maigatari sun san abin da ya yi musu.

To, ina kashi 4 ya samo asali? A watan Agustan 2023 hukumar ta koma kan tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Duk wanda ya yi aikin awa ɗaya tak a mako don neman kuɗi, yana da aikin yi. Nan take lissafi ya zama 4.1. Ku kuma lura da kyau, wannan na Janairu zuwa Maris 2023 ne, Buhari na kan kujera. Sai 29 ga Mayu aka rantsar da Tinubu.

Ku dubi saurayin da ya gama NCE ya dawo ƙauye. Ranar kasuwa kaɗai yake samun lodin buhunan riɗi, daga hantsi zuwa la'asar, sauran kwanaki shida yana zaune a gindin darbejiya yana jiran rani ya yi ya tafi cirani. Jiya a takarda ba shi da aiki, yau ma'aikaci ne, alhali ko kwabo bai ƙaru a aljihunsa ba. Wallahi abin da ciwo a tsaya kan mumbarin kamfe a ce an magance matsalarsa.

Rahoton da ya kawo 4.1 shi ne kuma ya nuna sama da kashi 90 na masu aiki a Najeriya buga-buga suke yi, da noma da ƙananan sana'o'in da ba su da rajista. Wannan shafin ba kasafai 'yan siyasa ke karanto mana shi ba.