Lesta ce, ba Laisesta ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku dubi allon nan da ke bayana. Harafi tara ne a jiki, Leicester, sunan wannan gari na Ingila, amma in ɗan garin ya buɗe baki gaɓa biyu kawai za ku ji: Lesta.

Da safen nan a tashar jirgin ƙasa ta St Pancras da ke Landan, wani bawan Allah da ke gabana a layi ya ce a ba shi tikitin "Laisesta". Mai sayar da tikitin ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "Lesta?" Ya gyaɗa kai. Ni kam ban ga laifinsa ba, abin da idonsa ya gani shi bakinsa ya faɗa. Mu masu kallon ƙwallo sunan ya riga ya zauna mana a kunne tun 2016, shekarar da ƙungiyar garin ta ɗauki kofin Firimiya, kuma a shekarar ce Ahmed Musa ya koma can. Da kunne muka koye shi, shi ya sa bai ba mu wuya ba.

Ku biyo ni ku ga wannan tsohon bango. Ana ce masa Jewry Wall, ragowar ginin Rumawa ne tun ƙarni na 2. Ku kalli jan bulon nan da aka jera layi-layi a tsakanin duwatsu. Wutsiyar sunan garin, wato "cester", daga bakin mutanen da suka gina shi ta samo asali, daga kalmar Latin "castra", sansanin soja. Ita ce a Manchester, ita ce a Lancaster. Shekaru suka yi ta tafiya, harshe ya yi ta cinye tsakiyar kalmar, rubutu kuwa ya tsaya inda yake. Haka Worcester ta zama Wusta, Gloucester ta zama Gulosta.

Kada dai ku ce kun kama ƙa'ida. Cirencester yawanci cikakkiya ake faɗinta yanzu. Derby kuma Dabi ce, Reading Redin, Loughborough da ke nan kusa Lafbara. A Shrewsbury ma 'yan garin kansu ba su daidaita ba, wasu na cewa Shirozbiri, wasu Shiruzbiri.

Abin nan yana taɓa ni sosai, don na san yadda kunne ke ji in an ce Sokoto a wurin Sakkwato. Ba zagi ba ne, amma nan take ka san baƙo ne ke magana. Shi ya sa duk garin da na sauka, kafin na kira sunansa sai na kasa kunne na ji yadda direban bas ko sanarwar tasha ke faɗinsa. In ban ji ba, na tambaya.

Ɗazun nan ma na yi hakan. Ga titin, an rubuta Belvoir Street. Sunan Faransanci ne, ma'anarsa kyakkyawan hange, irin sunayen da suka shigo bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066. Na tsayar da wata dattijuwa mai jan jakar cefane, na gaishe ta, na nuna mata allon. Ta yi murmushi ta ce, "Biva." Na maimaita, ta ce in gajarta ƙarshen. Sai a karo na uku ta ce yauwa, ta ja jakarta ta wuce.