Wa ke riƙe da agogon ɗan firamare?

Malama: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau hirar tamu a kan makara da fashin makaranta ce, na yaran firamare. Alhaji, makon jiya na tambaye ka kwana nawa autanka ya yi fashi a zangon da ya wuce.

Alhaji: Na ce miki uku, in ya yi yawa huɗu. Kika ce in je in duba rajista wajen malamin ajinsu. Malama, kwana tara na tarar. Sai da jikina ya yi sanyi, don kowace rana a cikinsu da sanina ya zauna. Yau mura, gobe tafiya ta taso, jibi an makara sai a ce ya bari kawai.

Malama: Ba kai kaɗai ba ne. Akwai binciken da Todd Rogers da Avi Feller suka yi a birnin Filadelfiya na Amurka, aka wallafa shi a 2018. Sun gano iyayen yaran da ke yawan fashi kusan rabin kwanakin kawai suke zaton 'ya'yansu sun rasa. Sai aka riƙa aika musu wasiƙa ɗauke da adadin kwanakin, ba faɗa, ba barazana. Wannan kaɗai ya rage yawan yaran da fashi ya zame wa jiki da kusan kashi 10 cikin 100.

Alhaji: To amma bari in tsaya wa iyaye. Yaro ɗan shekara bakwai, kwana biyu a wata, me zai rasa? Ai ba jami'a yake ba.

Malama: Mu yi lissafi. Shekarar karatu a ƙasashe da yawa kwana 180 ce ko kusa da haka, wajen wata tara. Kwana biyu sau tara, 18 ke nan, kashi 10 cikin 100 na shekarar. Ya kusa wata guda cur na zaman aji. Kuma a ganina fashin ɗan firamare ya fi na babba ciwo. Babba zai ari littafin abokinsa ya kwafa. Ƙaramin fa, da bai gama iya karatu ba? Karatunsa gini ne, tubali bisa tubali. A ce ranar Talata aka koyar da ɗebewa da aro, shi yana gida. Laraba ya dawo, malami ya wuce gaba, kowa na ɗaga hannu, shi yana kallon allo bai gane komai ba. Ba zai ce bai gane ba, kunya yake ji. Sai ya koma bencin baya ya yi shiru. Bayan mako biyu ka ji da safe yana cewa cikinsa na ciwo. Na ga wannan sau da yawa a aji, kuma yana taɓa min zuciya, don yaron ba daƙiƙi ba ne, rana ɗaya ce ta kuɓuce masa ba wanda ya mayar masa da ita.

Alhaji: Allah sarki. Makara fa? Ita ai yaron ya zo.

Malama: Ya zo, amma minti 15 kullum a kwana 180 awa 45 ne. Kuma daga darasi guda ake yankar su kullum, na farko, wanda a makarantu da yawa karatu ne ko lissafi.

Alhaji: Shi ya sa wasu ke cewa a tsaya a bakin ƙofa da bulala.

Malama: Nan kam ban yarda ba. Wa ke riƙe da agogon yaro ɗan shekara bakwai? Ba shi ke tada kansa ba, ba shi ke cewa a fita ba. Kuma yaron da ya san duka na jiransa a ƙofa, sai ya laɓe a hanya har a tashi, ya biyo 'yan'uwansa gida. Ka ga makara ta zama fashi. Na taɓa samun yarinya a ajina da kullum sai an gama kiran suna take shigowa. Da na zaunar da ita, ashe ƙaninta take fara kaiwa tasu makarantar. Magana ɗaya muka yi da mahaifiyarta aka sauya tsari.

Alhaji: Ni abin da na lura a gidana, safiyar tun dare take lalacewa. In an bar su da waya ko talabijin har goma da rabi, tashin sai da ja.

Malama: Masana barci sun ce yaro daga shekara 6 zuwa 12 na buƙatar awa 9 zuwa 12. Wanda zai tashi ƙarfe shida, ƙarfe tara ya kamata a ce ya riga ya yi barci. Yunifom, takalmi, jaka, fensir, duk a haɗa su wuri guda kafin a kwanta. Sai kuma lafiya. A yankin Busia na Kenya, Michael Kremer da Edward Miguel sun nuna a 2004 cewa ba yara maganin tsutsar ciki a makaranta ya rage fashi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Yaron da ke yawan kasala, a kai shi a duba shi kafin a kira shi malalaci.

Alhaji: Ku malamai fa, ba ku da naku kason?

Malama: Muna da shi sosai. Malamin da yake shigowa bayan ƙararrawa ba shi da bakin yi wa yaro faɗan makara. Kuma in yaro ya dawo daga fashi, kira sunansa ka ce, jiya ba mu gan ka ba, lafiya dai? Ka ba shi minti biyar lokacin tara ka nuna masa abin da ya wuce shi. In ya yi kwana biyu a jere, a kira gida a ranar, kada a jira ƙarshen zango.

Alhaji: Ni dai na rataye kalanda a ɗakinsu, duk ranar da wani bai je ba zan sa alama da hannuna. Ƙarshen wata zan zo da ita nan mu ƙirga tare.

Malama: Allah ya kai mu. Masu sauraro, sai mako mai zuwa.