Filin Jirgin Da Aka Mayar Rumbun Shinkafa

Jama'a masu sauraro, a watan Afrilun 2024 majalisar ministocin Sri Lanka ta amince a miƙa filin jirgin sama na Mattala ga kamfanoni biyu, na Indiya da na Rasha, su riƙe shi shekara 30. Nan take masu kare aikin suka sake tayar da tsohuwar maganarsu: wai jari ne na gobe, a ƙara haƙuri. Wannan magana ce ta ƙona mini rai. Haƙurin shekara nawa kuma?

A watan Maris na 2013 aka buɗe filin nan. Ya lashe dala miliyan 209, miliyan 190 daga ciki bashi ne daga bankin Exim na ƙasar Sin. An tsara shi ya ɗauki fasinja miliyan ɗaya a shekara. To ina aka kafa shi? Can ƙuryar kudancin tsibirin Sri Lanka, a gundumar Hambantota, mahaifar shugaban ƙasa na lokacin, Mahinda Rajapaksa, fiye da kilomita 200 daga Colombo, babban birnin kasuwancin ƙasar, a dajin da giwaye ke kiwo. Ba inda matafiya suke aka duba ba, garin shugaba aka duba.

Rajapaksa na faɗuwa zaɓe a farkon 2015, kamfanin jiragen saman ƙasar da kansa ya tattara ya bar wurin. A shekarar ne aka riƙa jibge buhunan shinkafa a ɗakunan ajiyar kayan jirgi. Shinkafa fa, jama'a! A 2016 sai da aka tura sojoji su kori namun daji daga harabar. Kamfanin jiragen sama na Flydubai, da ya ɗan jure, shi ma a 2018 ya yi sallama.

Yanzu ku zo mu leƙa tashar jirgin ƙasa ta Fort a Colombo da sassafe. Tarago cike maƙil, ma'aikata sun yi lilo a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya kan matakala, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, jirgi na gudu. Layin da ke hawa zuwa birnin Kandy tun 1867 Turawan Ingila suka buɗe shi. Nan mutane suke. Nan ake gumi, nan ake makara, nan ake sayar da rai kullum don a isa wurin aiki. Kuma nan ɗin ne Japan ta ba da rance mai sauƙin ruwa don a shimfiɗa layin jirgin cikin gari, kimanin kilomita 16 daga unguwar Malabe zuwa Fort, amma a 2020 shugaba Gotabaya, ƙanin Mahinda, ya soke aikin, wai ya yi tsada. Inda ba kowa an kashe miliyoyi ido rufe, inda jama'a ke rataye a ƙofa kuma sai aka tuna da tsimi.

Za a ce mutanen kudu ma suna da haƙƙi. Ƙwarai kuwa. Amma manomin Hambantota ruwan ban-ruwa yake nema, da hanyar kai amfanin gona kasuwa, da shingen da zai hana giwa cinye masa gona. Wa ya tambaye shi kafin a shimfiɗa titin jirgi a bayan gidansa?

Ba zan ce Mattala ne kaɗai ya durƙusar da ƙasar ba. Lokacin da Sri Lanka ta kasa biyan bashi a 2022, kaso mafi girma na bashin waje daga kasuwannin lamuni aka ciwo shi, ba daga Sin ba. Sai dai wanda ya kwana a layin fetur a waccan shekarar, wanda ya nemi gas ɗin girki ya rasa, da harajinsa ake biyan bashin filin da bai taɓa takawa ba. Gobe da asuba kuma zai sake kama ƙarfen ƙofar tarago zuwa Fort.