Wa Ya Ga Fuskar Ɗan Fashin Teku? Lacca Kan Masu Zanen Zamanin Fashin Teku

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan'uwana ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Ku dubi wannan hoton da ke kan allo. Mutum ne mai gemu har ƙirji, bindigogi rataye a jikinsa, hayaƙi na fita ta gefen hularsa. Sunansa Edward Teach, ana yi masa laƙabi da Blackbeard, wato Mai Baƙin Gemu. Sojan ruwan Ingila suka kashe shi ranar 22 ga Nuwamba, 1718, a gaɓar Karolina ta Arewa. Hoton kuwa sai a 1724 ya fito, cikin wani littafin tarihin 'yan fashin teku da aka buga a Landan da sunan Kyaftin Charles Johnson. Shekara shida ke nan mutumin yana ƙarƙashin ruwa. Babu wani hotonsa da aka sani wanda aka yi yana raye. Wanda ya sassaƙa wannan, Benjamin Cole, mai sana'a ne a Landan, aikinsa taswira da katin 'yan kasuwa da hotunan cikin littattafai. Abin da marubuci ya siffanta shi ya karanta, ya zauna ya ba shi fuska.

Zamanin da muke magana a kai ya kama daga wajen 1650 zuwa 1730. Kyamara sai bayan shekara ɗari ta zo. Duk abin da mutumin Landan ko Amsterdam zai gani na teku, ta hannun mai fenti ko mai sassaƙa zai gan shi.

Bari in ɗan tsaya kan sassaƙar, don ita ce ta kai hoto hannun talaka. Ana samun farantin jan ƙarfe a goge shi ya yi sumul. Mai aiki ya ɗauki wani ɗan ƙarfe mai tsini yana tura shi a hankali, yana yanka layi ɗaya bayan ɗaya. Inda yake son duhu sai ya cika layuka, ya gitta wasu a kan wasu. In ya gama ya shafe farantin da tawada, ya goge saman, tawadar ta maƙale cikin ramukan kaɗai. Sai a ɗora takarda mai ɗan danshi a bi ta cikin injin matsi. Wanda ya taɓa ba da aikin hatimi ya san dole a yanka rubutu a juye kafin ya fito daidai, to haka wannan ma. Faranti ɗaya yakan ba da ɗaruruwan kwafi. Kuma in hoto ya karɓu, wani mai ɗab'i a wani gari sai ya kwafe shi ya ƙara gishiri.

Ga misali. Anne Bonny da Mary Read mata ne da aka kama cikin 'yan fashi, aka yi musu shari'a a Jamaika a Nuwamban 1720. A hoton Landan suna sanye da kayan maza, riga da wando, a suturce, riƙe da makamai. Da aka fassara littafin a Holan a 1725, sai mai sassaƙar can ya buɗe musu ƙirji, ya sake musu gashi. Bai samu wani sabon labari a kansu ba. Abin da zai sa a sayi littafi ya bi. Wannan abu yana ɓata mini rai, don har yau wannan hoton na biyu shi ya fi yawo.

Kafin wannan ma an yi irinsa. A 1678 aka buga littafin Alexandre Exquemelin a Amsterdam, likita ne da ya zauna cikin 'yan fashin Karibiyan. A ciki akwai hoton wani Bafaranshe, L'Olonnais, yana ciro zuciyar fursuna, akwai kuma Henry Morgan da ya ci birnin Panama a 1671. Amma Morgan ba a rataye shi ba. Sarkin Ingila ya ba shi sarauta, ya zama mataimakin gwamnan Jamaika. Da littafin ya fito da Turanci, sai ya kai masu bugawa kotu kan ɓata suna, aka yanke a biya shi fam 200. Ku riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da irinsa.

Yanzu mu koma wajen waɗanda suka ga teku da idonsu. Babu kamar gidan Van de Velde, uba da ɗa, duk sunansu Willem, mutanen Holan. Uban, wanda aka haifa a 1611, in rundunar Holan za ta fita yaƙi da Ingila sai a ba shi ƙaramin jirgi, ya bi su da takardu da alƙalami. Ana ɓarin wuta yana zane. Yakan jona takardu su yi tsawo don jerin jiragen ya shiga, ya rubuta a gefe wane jirgi ne wannan, iska ta ina take kaɗawa. A ƙarshen 1672 zuwa farkon 1673, lokacin da Faransa ta afka wa Holan kasuwa ta mutu, sai suka ƙaura Ingila, ƙasar da suka daɗe suna zana jiragenta a matsayin na abokan gaba. Sarki Charles na Biyu ya yanka wa kowannensu fam 100 a shekara: uban ya zana, ɗan ya sa launi. Ya kuma ba su ɗakin aiki a Greenwich. Zanensu sama da dubu na nan a gidan tarihin jiragen ruwa da ke wurin, kuma masu binciken ƙirar jiragen wancan ƙarni da su suke dogara, don igiya da tuta da ƙofar igwa duk a inda suke suka sa su.

Akwai Ludolf Bakhuizen a Amsterdam, gwanin zanen hadari da igiyar ruwa, sai Peter Monamy a Ingila da ya bi sawun su Van de Velde. Ba zan daɗe a kansu ba.

Abin lura shi ne, waɗannan gwanayen jiragen sarki da na kamfani suke zanawa, domin sarki da kamfani ke biya. Mai kuɗi shi ke da kiɗa. Haka abin yake a hoton fuska. William Dampier ya yi shekaru cikin masu fashi, amma da ya rubuta labarin tafiyarsa a 1697 ya yi suna, sai Thomas Murray ya zana shi riƙe da littafi, kamar wani shehin malami. Woodes Rogers ya ƙwace jirgin Sifaniya da takardar izinin gwamnatinsa, daga baya aka naɗa shi gwamnan Bahamas, ya rataye 'yan fashi takwas a Nassau a Disamban 1718. A 1729 William Hogarth ya zana shi zaune a kujera cikin iyalinsa, ɗansa na nuna masa taswira. Aikin da suka yi a teku bai yi nisa da na Mai Baƙin Gemu ba. Takarda ce ta raba su, ita ta sa aka zaunar da wani aka zana shi da mutunci, wani kuma aka ƙago masa fuskar dodo bayan ya mutu.

Wani ya ɗaga hannu. Na'am? Ana tambaya kan shigar 'yan fashin. Eh, ɗankwali a ka da ɗan kunne da jan ɗamara da kuke gani a fina-finai, yawancinsu daga Howard Pyle ne, Ba'amurke da aka haifa a 1853. Wannan fiye da ƙarni guda ke nan bayan zamanin.

Ga hoto na kusa da ƙarshe, kuma saboda shi na yarda in yi wannan lacca. Aikin Benjamin Cole ne shi ma. Wannan da ke tsaye da takobi shi ne Bartholomew Roberts. Ku dubi bayansa, waɗancan ƙananan jiragen. Wurin shi ne Wida, a Jamhuriyar Benin ta yau, maƙwabciyarmu. A Janairun 1722 Roberts ya shigo ya tarar da jirage 11 da suka zo sayen bayi, suka miƙa wuya, ya sa kowanne ya fanshi kansa da garin zinariya. Kyaftin ɗin wani jirgi mai suna Porcupine ya ƙi biya, sai mutanen Roberts suka cinna masa wuta. A cikinsa akwai 'yan Afirka kimanin 80, an ɗaure su bibbiyu da mari. Wanda ya tsaya wuta ta ci shi, wanda ya faɗa ruwa kifaye suka ci shi. Littafin Johnson da kansa ya ba da wannan labari. Ku duba hoton da kyau, akwai tuta, akwai gashin tsuntsu a hula, akwai bindigogi. Ko mutum ɗaya daga cikinsu babu.

Wata guda bayan haka, jirgin yaƙin Ingila mai suna Swallow ya kashe Roberts a Cape Lopez, a Gabon ta yau. Aka kai mutanensa kurkukun Cape Coast a Ghana, aka rataye 52. Baƙaƙen fatar da ke cikinsu, sama da 60, ba a ma tsaya yi musu shari'a ba, sayar da su aka yi. Jirgin Mai Baƙin Gemu kansa asalinsa jirgin bayi ne na Faransawa, La Concorde, da ya ƙwace a 1717. 'Yan Afirka ne suka ja igiya suka kwashe ruwa daga cikin jirgi, kuma sau da yawa su ne kayan da ake faɗa a kai.

Sai a 1788 masu yaƙi da cinikin bayi a Ingila suka sa aka sassaƙa cikin wani jirgin Liverpool mai suna Brookes, da mutane sama da 400 kwance a jere, kafaɗa da kafaɗa. Shekara 66 ke nan bayan gobarar Wida. A nan ma ba a ba kowa fuska ba, 'yan baƙaƙen siffofi ne da ake iya ƙirgawa da yatsa. Zan bar shi a kan allo, mai tambaya ya taso ya karɓi makirufo.