Kafin Hannu Ya Kai Kan Jet: Gano Matsalar Mai da Saitin Kafireto a Injin Motar Tsere

Jama'a, assalamu alaikum. Maganata yau a kan matsalar mai ce a injin motar tseren miƙaƙƙiyar hanya, wato tseren da motoci biyu ke tashi daga tsaye su ƙure gudu a kan kwatan mil, ƙafa 1,320 ke nan, kimanin mita 402. Ko da yake NHRA, hukumar shirya irin wannan tsere a Amurka, wadda Wally Parks ya kafa a 1951, ta mayar da motocin ajin Pro Stock kan injekta a madadin kafireto tun 2016, har gobe ɗimbin motocin sauran azuzuwa da kafireto suke gudu, musamman na kamfanin Holley, samfurin 4150 da kuma babbansa 4500.

Abin da ke damuna shi ne, da zarar mota ta yi tari ko ƙarfinta ya ragu, sai ka ga makaniki ya ɗauko akwatin jet, wato ƙananan ƙusoshi masu rami da ke ƙayyade yawan man da kafireto ke zuba wa inji. Sau da yawa kuwa jet ba shi da laifi, man ne bai iso ba, kuma ko an faɗaɗa ramin jet yaya, ba zai zubo man da babu shi a kwanon kafireto ba. Injin fetur yana shan kusan rabin laba na mai a kowace awa a kan kowane ƙarfin doki ɗaya, saboda haka inji mai ƙarfin doki 600 yana buƙatar laba 300, kusan galan 50 a awa. Idan da metanol yake gudu, sai a ninka. Sannan tankin galibi yana baya, lokacin tashi kuwa man da ke cikin tiyo baya yake son komawa, famfo na tura shi gaba.

Irin wannan kafireto yana son matsin mai tsakanin 6 da 7 a ma'aunin psi, amma abin da allura ta nuna mota tana tsaye ba hujja ba ne. Na taɓa aiki a kan wata mota da take tashi lafiya, sai ta shiga giyar ƙarshe ta yi sanyi kamar an riƙe ta. Mai ita ya riga ya ƙara jet har sau uku. Da muka kafa ma'auni inda direba zai gani, allura tana kan 7 a tsaye, amma kafin layin ƙarshe ta faɗo kan 3. Muka kwance matatar mai, ƙalau take, famfo ma lafiyarsa lau. Ashe ɗan siririn tiyon da tanki ke shan iska ta cikinsa ne ya lanƙwashe a bayan ƙarfe. Muna buɗe murfin tankin sai muka ji ya ja iska, fuu. Ku duba wannan tiyo, ku duba matatar mai, ku kuma auna wutar da ke isa famfo, domin famfon lantarki yana rage aiki idan batir ya yi rauni.

Bayan nan sai fulot, wato abin da ke yawo a kan mai cikin kwanon kafireto yana ƙayyade inda man zai tsaya. A Holley mai ƙusar dubawa a gefen kwano, man ya kamata ya tsaya daidai ƙasan ramin, yadda idan an girgiza motar kaɗan zai ɗan leƙo. Idan ya wuce haka, mai zai riƙa ɗiga cikin maƙogwaron kafireto. Idan ya gaza, kwano zai ƙafe da wuri.

Daga nan tambayar da nake yi wa direba ita ce: a ina motar ta yi maka gardama? Idan daidai lokacin da ya taka totur ne, famfon feshi ake zargi, wanda ke watsa mai don cike giɓin da ake samu sa'ad da iska ta shigo da yawa farat ɗaya. A kashe inji, a leƙa ciki, a motsa totur. Dole feshin ya fito nan take, ba tare da jinkiri ko ƙiris ba. Idan injin ya yi atishawa ta kafireto, mai ya yi kaɗan. Idan ya yi nauyi tare da baƙin hayaƙi sannan ya warware, mai ya yi yawa. Famfon yana zuwa da girman cc 30 ko cc 50, amma kafin a sayi babba, a gwada canza bakin feshin.

Idan kuwa motar ta tashi da kyau, sai ta shaƙe kafin ta cika ƙafa 60 na farko, to a kwanon baya matsalar take, domin irin wannan kafireto kwano biyu gare shi, na gaba da na baya. Jet ɗin wannan kwano suna ta gabansa, ƙarfin tashi kuma yana kwashe man zuwa baya ya bar su a iska. Maganinsa ƙananan bututun da ake ɗaura wa jet su miƙa zuwa bayan kwano, tare da fulot mai yanka da zai ba su hanya.

Akwai kuma bawul ɗin ƙarin mai, wanda ke buɗewa idan zuƙar injin, wato ƙarfin jan iskarsa, ta faɗo ƙasa da lambarsa, yawanci kuma yana zuwa da lamba 6.5. Injin tsere mai babban kam, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji, ba ya zuƙa sosai a silo, don haka bawul ɗin kan buɗe tun ba a buƙace shi ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a auna zuƙar injin a silo, a zaɓi lambar da ta kai rabinta.

Sai an gama duk wannan ake taɓa jet, kuma abin da ake kallo shi ne gudun motar a layin ƙarshe, domin lokacin da ta ɗauka kafin ta isa layin yana iya lalacewa saboda santsin taya. A ƙara girman jet da lamba biyu, a sake gudu. Muddin gudun na ƙaruwa a ci gaba, idan ya ragu a koma baya. Mai na'urar auna hayaƙi ya nemi iska kashi 12.5 zuwa 13 a kan fetur kashi ɗaya. Wanda zai karanta fulogi kuwa, ya sa sababbi, ya kashe inji da zarar ya tsallake layi, a jawo motar, domin silo na minti biyu yana ɓata shaidar. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gudu, a rubuta shi tare da zafin iskar lokacin, tunda saitin da ya dace da tsakar rana yana iya barin injin da ƙarancin mai idan dare ya yi iska ta yi sanyi.