Wa zai jarraba tafinta? Laccar da aka yi wa ɗaliban kwamfuta a Aliero

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Kwamfaila tafinta ce. Kai ka rubuta shirinka da yaren C, ita ta juya shi zuwa abin da inji ke ganewa. Duk wanda ya taɓa zama a kotu ya san idan tafinta ya karkace, mai gaskiya ma sai ya sha ɗauri. Shi ya sa aka rubuta wa yaren doka. Hukumar ANSI ta Amurka ta fitar da ita a 1989, hukumar ƙa'idoji ta duniya, wato ISO, ta karɓa a 1990.

To, wa zai tabbatar tafintar tana bin dokar? Ku dubi Ada, yaren da ma'aikatar tsaron Amurka ta sa aka ƙera, dokarsa ta fito a 1983. A wancan zamanin, kafin a amince da kwamfailarka ta Ada, sai ta ci jarrabawar ACVC, tarin ƙananan shirye-shirye. Wasu daidai suke, ana son ta fassara su, a kunna, su ba da amsar da aka sani. Wasu kuwa da gangan aka ɓata su. Waɗannan su suka fi burge ni. Kamar a cusa ruɓaɓɓiyar albasa a tsakiyar buhu ne, a kai wa dillali a nan kasuwar Aliero, a ga ko zai shinshino ta. In ya karɓa ya yi shiru, ba dillali ba ne. Kwamfailar da ta haɗiye kuskure ba ta ce uffan ba, ta faɗi.

Amma fa dokar C ta bar wasu wurare a sake. Ka ɗauki 2,147,483,647, lamba mafi girma da int mai bit 32 (ma'ajin cikakkiyar lamba a C) zai iya riƙewa, ka ƙara 1. Doka ba ta ce ga abin da zai faru ba. Ɗan'uwa, a nan kar ka zagi kwamfaila, laifinka ne.

Cin jarrabawa kuma ba shi ne tsarki ba. A 2011 masu bincike a Jami'ar Utah suka ba da rahoton Csmith, wani shiri mai ƙirƙiro shirye-shirye barkatai masu bin doka ya ba kwamfailoli daban-daban. In amsa ta saɓa, to wata ta yi ƙarya. Ta haka suka tono kurakurai sama da 300, har a sanannun kwamfailoli GCC da LLVM.

Na ji ana kiran la'asar. Ranar Litinin kowa ya zo da shiri mai layi biyar da ya karya doka, mu ba GCC tare da umarnin -std=c99 da -pedantic-errors, masu sa ta tsananta bin doka, mu ga wanda zai kuɓuce mata.