Amsoshin Tambayoyinku: Yaro Mai Karatu da Ladabin Manya

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙar farko ta fito daga wata uwa a Zariya, wadda ta ce ɗanta mai shekara 12 ya haddace izu 20, ya kuma zo na ɗaya a musabaƙar Islamiyyarsu, amma tun daga nan ya fara yi wa kakarsa dariya idan tana karanta Fatiha, wai ba ta iya tajwidi ba. Tana tambaya ko ta cire shi daga musabaƙa don ta karya masa girman kai.

Hajiya, Allah ya raya miki shi, amma kada ki cire shi, domin laifin ba na karatun ba ne. Abin da ya faru shi ne yaron ya ɗauka haddar da ya samu ƙoƙarinsa ne shi kaɗai, kuma sau da yawa mu manya ne muke cusa wa yara wannan tunanin, idan muka yi ta kiran su gwani a gaban baƙi muna gwada su da 'yan uwansu. Ki zaunar da shi ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba, ki sa ya karanta miki Suratu Luƙman daga aya ta 13 zuwa ta 19, sannan ku bi ma'anarta a hankali. Zai ga cewa uban da ya umarci ɗansa da tsai da salla da yin umarni da kyakkyawa, shi ne a ayoyin da ke biye ya hana shi kawar da fuska daga mutane da tafiya a doron ƙasa da taƙama, har ya ce masa ya sassauta muryarsa. Ki kuma sanar da shi hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud, wanda ya bayyana girman kai da cewa ƙin gaskiya ne da raina mutane.

Bayan haka ki ba shi aiki. Bayan sallar magariba ya durƙusa ya gai da kakar, ya biya mata karatunsa, idan ta yarda su maimaita Fatiha tare ba tare da kowa yana kallo ba. Tsohuwar nan tana salla tun ba a haifi mahaifinsa ba, ya kamata ya ji wannan daga bakinki.

Wasiƙa ta biyu daga wani uba ce a Kumasi, wanda 'yarsa ke makarantar kwana inda Musulmi ba su da yawa, har tana jin nauyin yin salla a gaban ƙawayenta. Yana tambaya ko wannan tawali'u ne, da yadda zai taimaka mata.

Malam, wannan ba tawali'u ba ne, tsoro ne, kuma a gida ake maganinsa. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ta yi kama da Musulmi, sai Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ce, amma ya yi shiru saboda ƙuruciyarsa. Da ya gaya wa mahaifinsa, sai Umar ya nuna masa cewa da ya faɗa, da ya fi masa daɗi. Ka ba 'yarka damar yin tambaya a gida ba tare da tsawa ba, ka bayyana mata dalilin salla da hijabi yadda za ta iya amsa wa ƙawa cikin ladabi, sannan ka je makarantar da kanka ka nemi a nuna mata wurin alwala da salla.